Danja

Daren jiya, tsakanin Koko da Jega,
na taka birki don ramin nan na bakin gada,
saura ƙiris tirela ta haye mini gadon baya.
Direbanta ya diro da zagi fal bakinsa:
"Kai, akwalar taka ba ta da danja!"
Na rantse masa da akwai.
To, ina na sani?
Shekara tara ina jan ta da lodin albasa,
ban taɓa ganin ƙeyarta tana tafiya ba.

Da hantsi na kai ta gun Arzika rewaya,
gindin dalbejiya, bayan tasha.
Bai ja gaisuwa ba.
Ya ce, "Shiga ka zamna, Nomau.
In na ce taka, ka taka."

Taka. Na taka.
Saki. Na saki.
Ba abin da nake gani sai fuskarsa a madubi,
da ita nake karanta ciwon motata.

Ya fara da mai araha, kamar cefanen ƙarshen wata.
Ya zaro fis, ya ɗaga shi ga rana,
zaren cikinsa lafiya lau.
Ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari, dab da gwiwata,
ya dangwala testa a makunnin birki,
ta kawo wuta. "Wanga ba shi da laifi."
Ya koma baya ya murɗo ƙwan hagu,
ya kaɗa shi a kunne kamar mai sayen gyaɗa,
gilashin ya yi baƙi, sili ɗaya ya tsinke.
Na ce, alhamdu lillahi, an gama.
Ya ce, "Ƙwai guda ba ya kashe ɗaki biyu.
Na dama fa, mi ya same shi?"

Sabon ƙwai. Taka.
Sai sigina ta amsa sallamar da ba ita aka yi wa ba,
ta yi wani haske rawaya-rawaya na mai shawara,
wutar lamba kuma ta lumshe ido.
Arzika ya yi tsakin maharbin da ya ga sawu.
"Wutarka tana isowa, hanyar komawa ta rasa.
Wanda aka toshe wa ƙofar gida
ta katangar maƙwabta yake bi."

Muka sauke buhu huɗu daga but.
Ya yaye tsohuwar darduma,
wari ya taso, har mai shayi ya juya baya.
Ga ta nan: 'yar baƙar waya
da aka ɗaure da noti a jikin ƙarfe,
ruwan ruɓaɓɓiyar albasa da yoyon damina tara
sun gina mata gidan tsatsa.
Albasar da ke ciyar da ni
ita ta so ta ba da ni ga tirela.

Ya kwance, ya goge da samfefa
har ƙarfe ya nuna farin haƙori,
ya datse bakin waya, ya fere sabo,
ya ɗaure, ya shafa giris da ɗan yatsa.

Taka.
Bai ce komai ba.
Ya dai kara tafin hannunsa gefen fitila don in gani,
a madubi na ga ya yi ja wur
kamar ya kwana da lalle.

Kuɗin ƙwai, kuɗin aiki,
na ƙara masa da kwanon albasa.
Ya ce, "Ka riƙa ja da baya ga bango da dare,
bango ba ya ɓoye ma gaskiya."

Ban nemi bango ba.
Bayan isha na tsayar da Gado, autana, a bayan mota,
ba riga, da tuwo a hannu.
Na taka.
"Ta kama, Baba! Duka biyun! Sake!"
Na sake.
Sai da na taka sau goma sha ɗaya
kafin uwarsa ta leƙo ta ce za mu kashe batir.